Dutsen Kilimanjaro: Yadda ake zaɓen wurin kwana

Dubun dubatar mutane ne ke isa arewacin Tanzaniya a kowace shekara da niyyar hawa Kilimanjaro, dutsen da ya fi kowanne tsawo a nahiyar Afirka, to amma da dama daga cikinsu kan juyo ba tare da sun taka ƙololuwarsa ba.

Abin da ya fi mayar da mutane baya shi ne ƙarancin iskar shaƙa a can sama. Yadda jiki zai jure wa wannan ƙaranci kuwa ya danganta ƙwarai da inda mutum ya kwana a kowane dare, da kuma yawan dararen da ya yi a hanya.

Saboda haka batun masauki a wannan gandun daji ya shafi lafiyar matafiyi, da aljihunsa, da kuma haƙƙin mutanen da za su ɗaukar masa kaya.

Zaɓin dai ya kasu kashi biyu. Akwai inda baƙo zai sauka a gindin dutsen kafin ya hau da kuma bayan ya sauko, sannan akwai inda zai riƙa yada zango a kan dutsen kansa.

Dutsen da gandunsa

Shi dai Kilimanjaro tsohon dutse ne mai aman wuta da ke da kawuna uku, wato Kibo da Mawenzi da Shira. A kan Kibo ne ƙololuwar da ake kira Uhuru take, mai tsawon mita 5,895 daga doron teku.

A shekarar 1889 ne Bajamushe Hans Meyer da abokin tafiyarsa Ludwig Purtscheller ɗan ƙasar Ostiriya suka kai ƙololuwar, tare da taimakon 'yan dako da masu jagora na yankin. Sunan Uhuru, wanda ke nufin 'yanci a harshen Suwahili, ya samo asali ne daga samun mulkin kan ƙasar Tanganyika a 1961.

An kafa gandun dajin a 1973, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 1977, sannan hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. A 2005 an faɗaɗa shi ya haɗa da kurmin da ya kewaye dutsen, inda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,688.

Hukumar kula da gandayen dajin Tanzaniya, TANAPA, ita ce ke tafiyar da shi, kuma dokokinta ne ke iyakance zaɓin baƙo.

A kan hanyoyin hawa babu otal ko ɗaya. Ba a yarda mutum ya kafa tanti inda ya ga dama ba, sai a zangunan da hukuma ta keɓe. Haka kuma tun 1991 ba a barin kowa ya hau ba tare da ɗan jagora mai lasisi ba.

Wannan na nufin kamfanin da ya shirya wa mutum tafiya shi ne zai kama masa gado ko ya kawo masa tanti, kuma hanyar da mutum ya zaɓa ita ce za ta nuna inda zai kwana a kowane dare.

Moshi ko Arusha?

Akasarin baƙi kan sauka ne a filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa na Kilimanjaro, wanda ke tsakanin garuruwa biyu, wato Moshi ta gabas da Arusha ta yamma. Tsakanin garuruwan akwai tazarar kimanin kilomita 80.

Moshi ce ke gindin dutsen, kuma ita ce hedkwatar lardin Kilimanjaro. Daga garin zuwa ƙofar Machame ko ƙofar Marangu tafiyar kamar sa'a guda ce a mota, kuma ƙofar Mweka, inda mafi yawan masu hawa ke saukowa, ta fi su kusa.

A Moshi ne kamfanonin hawa dutse da dama ke da ofisoshinsu, a nan ne kuma ake samun shagunan da ke ba da hayar rigunan sanyi da takalma da jakar barci. Babban asibitin KCMC, wanda aka buɗe a 1971, shi ma yana garin, kuma can ake kai yawancin waɗanda suka kamu da rashin lafiya a kan dutsen.

Sai dai Moshi na ƙasa da mita 1,000 daga doron teku, don haka akwai zafi da sauro. Ya kamata baƙo ya tabbatar ɗakin da zai kama yana da gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro da aka ɗauka a gari kan iya bayyana bayan mako guda ko fiye, lokacin da mutum yake nesa da asibiti ko kuma ya kama hanyar gida.

Ita kuwa Arusha tana kan tsawon kimanin mita 1,400, ta fi sanyi, ta kuma fi girma da cunkoso. A nan hedkwatar Ƙungiyar Ƙasashen Gabashin Afirka take, kuma daga nan ne ake tashi zuwa gandayen namun daji na Serengeti da Ngorongoro da Tarangire.

Wanda ke son haɗa hawa dutse da kallon namun daji zai fi samun sauƙi a Arusha. To amma zai yi sammako a ranar farko, domin tafiya daga can zuwa ƙofar Marangu ta kan haura sa'o'i biyu.

Arusha na da wata fa'idar kuma. Kusa da ita akwai Dutsen Meru mai tsawon sama da mita 4,500, wanda ke da ɗakunan kwana a zanguna biyu, Miriakamba da Saddle. Wasu kan fara hawa Meru na kwana uku ko huɗu domin jikinsu ya saba kafin su tunkari Kilimanjaro.

A duka garuruwan biyu akwai masallatai da gidajen abinci na halal, don haka Musulmi ba ya shan wahalar samun inda zai yi salla ko abin da zai ci.

Ko wane gari mutum ya zaɓa, ana son ya isa aƙalla kwana guda kafin ranar hawa. Wannan kwanan na ba shi damar hutawa daga gajiyar jirgi, da ganawa da ɗan jagora domin duba kayan sanyi, da kuma jiran jakar da jirgi bai iso da ita ba. Yana da kyau kuma ya tambayi otal ɗin ko za su ajiye masa sauran kayansa har ya sauko.

Ƙauyukan gindin dutse

Zaɓi na uku shi ne ƙauyukan ƙabilar Chagga da ke jikin dutsen ta kudu, kamar Marangu da Machame.

Waɗannan ƙauyuka na tsakiyar gonakin ayaba da gahawa, kuma sun fi Moshi tudu da sanyi. Akwai ƙananan otal-otal a cikinsu, wasu tun na zamanin mulkin mallaka, akwai kuma iyalan da ke sauke baƙi a gidajensu.

Amfanin sauka a nan shi ne kusanci da ƙofar gandun, da ƙarancin sauro, da kuma cewa kuɗin baƙo na shiga hannun mutanen yankin kai tsaye. Matsalar ita ce nisa da bankuna da manyan shaguna, ga shi kuma hanyoyin ƙasa kan lalace da damina.

Waɗannan ƙauyuka sun fi dacewa da wanda bai zo da niyyar kai wa ƙololuwa ba. Daga Marangu mutum na iya shiga gandun da safe, ya ratsa kurmi zuwa zangon Mandara, ya dawo masaukinsa kafin faɗuwar rana. Wannan ya dace da iyalai, musamman da yake hukuma ba ta barin yaran da ba su kai shekara 10 ba su hau sassan dutsen na sama.

Akwai wani abin lura ga masu son kallon dutsen kawai. Hotunan nan da aka saba gani na giwaye suna kiwo, ga Kilimanjaro a bayansu da dusar ƙanƙara a kansa, yawanci daga gandun Amboseli na ƙasar Kenya ake ɗaukar su.

Otal-otal na Amboseli suna ba da damar ganin dutsen gaba ɗayansa. Sai dai dukkan ƙofofin hawa suna cikin Tanzaniya ne, don haka wanda ya sauka a Kenya sai ya tsallaka iyaka kafin ya fara hawa.

A kowane ɓangare mutum yake, gajimare kan rufe dutsen da rana. Da sassafe da kuma dab da magariba ne ya fi bayyana.

Abin da tsawo ke yi wa jiki

Domin fahimtar muhimmancin wurin kwana a kan dutsen, sai an san abin da ke faruwa da iska yayin da mutum ke ƙara hawa.

Iska na ƙara sakwarkwacewa a sama, ta yadda a ƙololuwar Uhuru kowane numfashi na kawo wa huhu kusan rabin iskar oksijin da yake samu a bakin teku.

Jiki na iya sabawa da wannan yanayi, amma yana buƙatar kwanaki. Da dare ne kuma matsalar ta fi tsanani, saboda numfashi na raguwa idan mutum ya yi barci. Shi ya sa likitoci suka fi damuwa da tsawon wurin da aka kwana, fiye da tsawon wurin da aka taka da rana aka sauko.

Ƙungiyar likitoci ta Wilderness Medical Society da ke Amurka ta ba da shawarar cewa da zarar an wuce mita 3,000, kada tsawon wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda, sannan a riƙa hutun yini ɗaya bayan kowane kwana uku ko huɗu.

Alamomin farko na ciwon tsauni sun haɗa da ciwon kai, da tashin zuciya, da rashin sha'awar abinci, da kasa barci. Idan abin ya tsananta ruwa na iya taruwa a huhu, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma kowanne daga cikinsu na iya kisa idan ba a gaggauta saukar da mutum ba.

Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga wannan ciwo. A watan Disamban 2010, shahararriyar 'yar wasan tanis Martina Navratilova ta katse hawanta bayan ruwa ya taru a huhunta, aka sauko da ita aka kwantar da ita a wani asibiti a Nairobi.

Ga mazauna Afirka ta Yamma, ya kamata a san cewa ko zangon farko na wasu hanyoyin ya fi duk wani tudu da suka saba da shi. Birnin Kano na ƙasa da mita 500, Jos na kan kimanin mita 1,200, kuma Chappal Waddi a jihar Taraba, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Zangon Mandara, inda ake kwanan farko a hanyar Marangu, ya kai mita 2,700.

Akwai kuma batun cutar sikila, wadda ta yawaita a Najeriya da Nijar da makwabtansu. Ƙarancin iskar oksijin na iya tayar da ciwon ga mai ɗauke da cutar. Hatta masu jinin AS, waɗanda ke rayuwa lafiya lau a gida, an sha samun wasunsu da matsalar saifa a kan tsaunuka masu tsawo. Don haka wajibi ne mutum ya san nau'in jininsa, ya kuma nemi shawarar likita kafin ya biya kuɗin tafiya.

Ɗakunan hanyar Marangu

Marangu ce kaɗai hanyar da ake kwana a cikin ɗaki, kuma ita ce mafi daɗewa a hanyoyin dutsen.

Tana da zanguna uku: Mandara a mita 2,700, da Horombo a mita 3,720, da Kibo a kimanin mita 4,700. A zamanin Jamusawa ana kiran na farko da sunan Bismarck, na biyu kuma Peters. Sunan Mandara na yanzu na wani sarkin Chagga ne na ƙarni na 19, ba shi da alaƙa da duwatsun Mandara na iyakar Najeriya da Kamaru.

A Mandara da Horombo ɗakunan na katako ne masu rufi mai tsini, da gadaje masu hawa biyu da katifu, da wutar lantarki ta hasken rana, da zauren cin abinci, da ruwan famfo. A Kibo tsohon ginin na dutse ne, kuma mutane da yawa ke kwana a ɗaki guda.

Babu bargo ko abin ɗumama ɗaki, don haka kowa da jakar barcinsa. Babu kuma gidan abinci, mai dafa abincin da ke cikin ayarin baƙo shi ne zai dafa masa.

Amfanin ɗaki a bayyane yake. Yana kare mutum daga ruwan sama da iska, kuma ayarin ba ya buƙatar 'yan dako masu yawa tunda ba a ɗaukar tantuna. A 2022 kamfanin sadarwa na gwamnati, TTCL, ya kai intanet zuwa Horombo, daga baya a wannan shekarar ya kai shi har ƙololuwa.

To amma matsalar tana cikin alƙaluman da aka ambata. Daga Mandara zuwa Horombo ƙarin mita 1,000 ne, haka ma daga Horombo zuwa Kibo, wato ninki biyu na abin da likitoci suka ba da shawara.

Wanda ya sayi tafiyar kwana biyar zai samu kansa a mita 4,700 a darensa na uku kacal, kuma a tsakiyar wannan daren za a tashe shi domin ya ƙara hawa kusan mita 1,200.

Wannan ne ya sa hanyar da ake ɗauka mafi sauƙi ta yi suna wajen mayar da mutane baya. Maganin da aka saba bayarwa shi ne ƙara dare guda a Horombo, inda da rana ake hawa zuwa duwatsun Zebra masu tsawon kimanin mita 4,000, a dawo a kwana.

Haka kuma gadajen ƙididdigaggu ne, sai an kama tun da wuri a lokacin da baƙi suka yi yawa. Mai son sirri ko barci cikin natsuwa ba lalle ne ya samu ba, domin zai iya kwana da mutanen da bai sani ba, kuma ta hanya ɗaya ake hawa ake sauka.

Kwana a tanti

A sauran hanyoyin, wato Machame da Lemosho da Shira da Rongai da Umbwe da kuma hanyar da ke zagayawa ta arewa, a tanti ake kwana.

'Yan dako ne ke ɗaukar tantunan, su riga baƙo isa zango su kafa, haɗe da tantin cin abinci da na girki. Kowane zango na da ofishin ma'aikatan gandun inda ake sa hannu a littafi, da makewayi na rami. Wasu kamfanoni kan zo da ƙaramin makewayi na tafi da gidanka idan an ƙara kuɗi. An hana hura wutar itace, da gas ake girki, kuma duk shara sai an sauko da ita.

Hanyar Machame ta nuna yadda tsarin zanguna ke taimakon jiki. Bayan daren farko a kimanin mita 3,000, ana kwana a Shira a kimanin mita 3,800. Kashegari a hau zuwa Lava Tower a mita 4,600 da rana, sannan a gangaro a kwana a Barranco, ƙasa kaɗan da mita 4,000.

A tafiyar kwana bakwai ana ƙara dare guda a Karanga, shi ma a kimanin mita 4,000. Ke nan mutum ya yi dare uku a jere a kusan tsawo ɗaya kafin ya isa Barafu, zangon ƙarshe, a sama da mita 4,600.

Lemosho ta fi tsawo, daga yamma take farawa, kuma yawanci kwana bakwai ko takwas ake yi a kanta. Hanyar zagayen arewa kan ɗauki kwana tara. Rongai, wadda ke tasowa daga kusa da iyakar Kenya, ta fi sauran ƙarancin ruwan sama. Umbwe kuwa gajera ce mai tsananin hawa, ba a ba sabon shiga shawarar bin ta.

Kwana a tanti na da nasa wahalhalu. A kurmin ƙasa akwai ruwa da taɓo, a sama kuma sanyi kan daskarar da ruwa cikin dare. Barafu, wanda sunansa ke nufin ƙanƙara da Suwahili, yana kan wani tudu ne mai duwatsu da iska mai ƙarfi.

Babu ruwa a Barafu, 'yan dako ne ke ɗauko shi daga kwarin Karanga. Haka abin yake a zangon Kibo, inda ake kawo ruwa daga ƙasa. Don haka a waɗannan wurare ruwan na sha ne da girki, babu zancen wanka, kuma Musulmi zai so ya san hukuncin taimama da sallar matafiyi kafin ya taso daga gida.

Wasu kamfanoni na tallata kwana a cikin ramin aman wutar Kibo, a sama da mita 5,700, kusa da ragowar ƙanƙarar dutsen. Wannan shi ne zango mafi tsawo, kuma mafi haɗari ta fuskar ciwon tsauni. Wanda ya daɗe a kan dutsen jikinsa ya saba ne kawai ya kamata ya yi tunaninsa.

Akwai haɗurran da ba su da alaƙa da iska. A watan Janairun 2006 duwatsu sun gangaro a hanyar Western Breach suka hallaka Amurkawa uku. A watan Oktoban 2020 kuma wata gobara ta ƙone sama da murabba'in kilomita 90 na gandun, ta kuma cinye wasu gine-gine a Horombo. Saboda irin wannan ne hukuma kan rufe wani zango ko wata hanya na ɗan lokaci.

Batun kuɗi

Kowane dare a kan dutsen da farashinsa. A jadawalin TANAPA na 2023 zuwa 2024, baligin da ba ɗan Gabashin Afirka ba yana biyan dala 70 a kowace rana kuɗin shiga, da dala 60 kuɗin gado ko dala 50 kuɗin wurin tanti a kowane dare, da dala 20 kuɗin ceto, sannan a ɗora harajin kashi 18 cikin 100.

A wannan lissafi, kwana shida a Marangu ya kai kimanin dala 870, kwana bakwai a Machame kuma kimanin dala 955. Wannan kuɗin hukuma ne kawai, ba a sa abinci da mota da albashin ma'aikata ba. Ɗan Najeriya ko Nijar ko Ghana na biyan farashin baƙi ne, domin rangwamen na 'yan Ƙungiyar Gabashin Afirka ne.

A nan ne jarabawar take. Rage dare guda na rage kuɗi, to amma yana rage damar kai wa ƙololuwa. Wanda ya kashe kuɗin jirgi da biza, sannan ya juyo daga Kibo saboda ciwon kai, ya yi asarar da ta fi kuɗin daren da ya tsimi.

Haka kuma idan kamfani ya ba da farashin da bai ɗara kuɗin hukuma da yawa ba, to ya kamata a tambayi inda aka rage. Sau da yawa a jikin 'yan dako ake ragewa, ta hanyar ƙarancin albashi, da ƙarancin abinci, da cusa mutane da yawa a tanti ɗaya mai yoyo.

Doka ta ƙayyade kilo 20 a matsayin nauyin kayan baƙo da ɗan dako zai ɗauka, kuma ana auna kaya a ƙofa. Tun 2003 wata ƙungiya mai suna KPAP da ke Moshi ke sa ido kan yadda ake tafiyar da 'yan dako, kuma tana fitar da sunayen kamfanonin da suka cika sharuɗanta.

Don haka tambayoyin da suka kamata baƙo ya yi wa kamfani sun haɗa da sunan kowane zango da tsawonsa, da yawan mutane a tanti ɗaya, da inda 'yan dako za su kwana, da ko ayarin na tafiya da tukunyar oksijin. Ya kuma tambayi wanda zai biya kuɗin otal idan ya sauko kafin lokaci, domin yawanci baƙo ne ke biya.

Kuɗin ceton da hukuma ke karɓa na saukar da marar lafiya ne a kan gado mai taya zuwa inda mota za ta iya kaiwa. Bai haɗa da jirgi mai saukar ungulu ko kuɗin asibiti ba, sai dai idan mutum na da inshorar da ta amince da hawa har mita 6,000.

Lokacin tafiya

Yanayi ma na da tasiri a kan zaɓin. Yankin na da damina biyu, babba daga Maris zuwa Mayu, da ƙarama a wajejen Nuwamba.

A waɗannan watanni ɗakunan Marangu ko tantunan Rongai sun fi dacewa, kuma otal-otal na gari kan rage farashi. Daga Yuni zuwa Oktoba, da kuma Janairu zuwa Fabrairu, sararin sama ya fi washewa, to amma zanguna kan cika, musamman Barranco da Barafu inda hanyoyi da dama ke haɗuwa.

Tun da ana son mai hawa ya sha lita uku zuwa huɗu na ruwa a yini, zai fi kyau Musulmi ya tsara tafiyarsa a wajen watan azumi. Masu zuwa daga ƙasashen da ke da cutar shawara, ciki har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru, ana neman su nuna katin rigakafi a filin jirgi.

Bayan saukowa, yana da kyau a sake kwana guda a Moshi ko Arusha kafin a hau jirgi, domin ranar ƙololuwa kan ɗauki sa'o'i 12 ko fiye ana tafiya a ƙafa, kuma kashegari akwai sauran gangara zuwa ƙofa.

Kalmar da 'yan jagoran Kilimanjaro suka fi maimaita wa baƙi ita ce pole pole, wato sannu sannu. Bahaushe ma ya ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A kan wannan dutse daɗewar ce ake bukata, kuma wanda ke da halin biyan dare guda na ƙari, a Horombo ko Karanga ya fi dacewa ya kashe kuɗin, ko da hakan zai sa ya sauka a otal mai rahusa a gari.